Albashin malamin daji: aikin soja, kuɗin masinja

A da, aikin malamin daji bai wuce zagaya gandu, kama mai saran itace ba izini da hana cinna wa ciyawa wuta ba. Yau wanda aka tura Kamuku ta Birnin Gwari ko Falgore ta Kano ya san zai iya yin kiciɓis da masu AK-47. Aikin ya sauya, albashin bai bi shi ba.

Mai ɗaukarka aiki ne ke yanke abin da za ka samu. Ma'aikacin gandun daji na jiha yana kan tsanin albashi ɗaya da akawun ofis: mai digiri kan fara daga mataki na 08, mai takardar sakandare kuwa can ƙasa, kusa da mafi ƙarancin albashi. A Yulin 2024 aka ɗaga wannan mafi ƙaranci daga naira 30,000 zuwa 70,000, Kano ta mai da nata 71,000, Kaduna 72,000. Sai dai tun cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin man babur kaɗai na cinye kaso mai tsoka, kuma gandu ba a bakin gari yake ba.

Dogaran Hukumar Gandayen Daji ta Ƙasa, masu tsaron Gashaka Gumti da Kainji, sun ɗan fi samun sauƙi, domin albashinsu daga tarayya yake fitowa. Inda ƙungiyoyin kare namun daji suka sa hannu, kamar WCS a Yankari, akan samu guzurin sintiri da kayan aiki. Mata da matasan da ke cika ledoji da ƙasa a wuraren renon dashe kuwa galibi leburori ne, ba fansho, ba giratuti. Damina ta wuce, aiki ya ƙare.

Ga inda gizo ke saƙa. Kuɗin tirela ɗaya ta gawayi ya ninka albashin mai tsaron shingen gandu sau da yawa. Direba ya miƙo na goro, a gida kuma buhun masara ya ƙare. Ban wanke mai karɓa ba, amma gwamnatin da ta ajiye mayunwaci gadin rumbu ita ma da laifinta.

A Mayun 2025 Shugaba Tinubu ya amince a ɗauki dakarun tsaron dazuzzuka. Ɗauka ba ta da wuya. Abin dubawa shi ne alawus ɗin kasada, inshorar rai, da abin da zai kai hannun matar wanda ya fita sintiri bai dawo ba.