Abin Da Ya Sami Masu Ƙera Kyamara

Yau za mu duba dalilin da ya sa waɗansu kamfanonin kyamara suka karye, waɗansu aka saye su, waɗansu kuwa suka tsira.

Sai mu fara da fim. Shi fim falle ne siriri, an shafe shi da wani danƙo da a ke samu daga fata da ƙashin dabbobi, gauraye da gishirin azurfa. In haske ya taɓa gishirin nan sai ya sāke, in an wanke kuwa hoto ya fito. To, a nan ribar Kodak ta Amurka ta ke, domin kyamara sau ɗaya a kan saya, amma fim kullum sai an koma kanti.

A 1975 wani injiniyan Kodak ɗin, Steven Sasson, ya haɗa kyamara marar fim, wadda ke juya haske ya zama lambobi. Sannu a hankali irinta ta kashe kasuwar fim. Sa'an nan wayar hannu ta zo da tata kyamarar, ta cinye kasuwar kyamara kanta. A 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kyamara wajen miliyan 121, amma a 2020 ba su kai miliyan 9 ba.

Kodak ta kai kanta kotu a 2012 saboda bashi ya fi ƙarfinta. Konica da Minolta sun haɗe a 2003, suka miƙa wa Sony sashen kyamararsu a 2006. Ricoh ya sayi Pentax a 2011. Olympus ma ya rabu da nasa sashen a 2021, ya riƙe na'urorin da likitoci ke leƙa cikin mutum da su.

Fujifilm kuwa ya lura cewa abin da ya gwanance a kai shi ne harhaɗa sinadarai da shimfiɗa su siriri ƙwarai. Da wannan sani ya shiga yin fallen da a ke sa wa fuskar talabijin, da man shafawa, da magunguna, har ya sayi kamfanin magani na Toyama a 2008. Watau da kiɗa ya sāke, sai ya sāke rawa, kuma har yau yana ƙera kyamara.