Gurmi, Ɗan Amshi da Wayar Hannu: Wa Zai Adana Kiɗan Ƙauyukan Daura?

Wanda ya yi marmarin jin muryar Alhaji Mamman Shata a yau ba zai sha wata wahala ba. Shata ya rasu a shekarar 1999, aka yi masa sutura a Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar, amma waƙoƙinsa suna nan a faifan garmaho, a kaset, a rumbun gidan rediyon Kaduna, a intanet, har da littafi guda da aka rubuta a kan rayuwarsa. Haka ya dace da Shata. Sai dai a masarautar nan da yake kwance, daga Zango zuwa Baure, daga Sandamu zuwa Mai'aduwa, akwai wasu makaɗan da ba su taɓa samun ko kashi ɗaya cikin ɗari na wannan gata ba. Su ne makaɗan da tawagarsu ba ta wuce mutum biyu: mai gurmi da yaron da ke masa amshi, mai kukuma da mai buga masa ƙwarya, mai garaya da mai kaɗa gora. A bikin ƙauye ake ganinsu, ko a inuwar kasuwa, ko a dandali da daddare bayan an gama girbi. Idan ɗayansu ya rasu, yawanci waƙoƙinsa kan bi shi kabari, sai ɗan abin da ya maƙale a bakin tsofaffi.

Dalilin wannan bambanci ba boyayye ba ne. Shekaru da dama, ɗaukar murya aiki ne na mai na'ura, kuma na'urar tana hannun kamfanonin faifai irin su EMI, ko gidajen rediyon gwamnati, ko masu bincike na jami'a. Kamfani mai suna yake nema don ya sayar, rediyo kuwa wanda ya iya kai kansa Kaduna ko Kano ko Katsina yake ɗauka. Masu bincike sun yi nasu ƙoƙarin: David Ames ya yi aiki a Zariya, Anthony King a Katsina, suka haɗu suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, daga baya Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa masu yawa. To amma mutum nawa mai bincike ɗaya zai iya kaiwa gare su? Waɗanda suka tsallake wannan shinge daga cikin masu ƙaramin kiɗa sun nuna cewa ƙanƙantar tawaga ba ta rage wa waƙa komai. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya zagaya duniya kafin rasuwarsa a 2015, Haruna Uji da gurminsa ya cika ƙasar Hausa daga Haɗeja. A bayan kowane ɗaya daga cikinsu akwai ɗaruruwa da ba wanda ya miƙa musu makirfo. Yanzu makirfon ya shigo aljihun kusan kowane saurayi. Abin da nake son kafawa shi ne, ɗaukar da makaɗan nan za su yi wa kansu a gida, da wayar hannu, ita ce hanyar da ta fi dacewa da irin kiɗansu, kuma abin da ya rage mana gyarawa ya fi shafar suna da adanawa fiye da tsadar na'ura.

Me ya sa gida ya fi? A duba abin da ke faruwa idan mai gurmi ya tara kuɗi ya shiga situdiyon zamani a birni. Mai situdiyo ya saba da waƙoƙin fim da na siyasa, saboda haka abu na farko da zai yi shi ne ya ɗora kiɗan fiyano mai tafiya da bugu ɗaya daga farko har ƙarshe. Mai gurmi kuwa ba haka yake tafiya ba. Yakan ja baya idan zai yi wa wani kirari, ya ƙara sauri idan ya ga 'yan rawa sun taso, ya dakata cak don ɗan amshi ya cike gurbin. Ɗaurin tsirkiyarsa ma da kunne yake yinsa, daidai da muryarsa ta wannan rana, ba lallai ya zo ɗaya da na fiyano ba, sai a sa kwamfuta ta miƙe muryar da ƙarfi har ta fito kamar ta kowa. Sannan a ɗauki jagora daban, a ɗauki amshi daban, a liƙa su daga baya, alhali daɗin wannan kiɗa yana cikin yadda mutum biyun ke sauraren juna, wannan ya jefa, wancan ya cafe. A ƙarshe a datse waƙar da ake yi rabin awa ta koma minti biyar. Abin da zai fito yana iya yin daɗin ji a mota, amma jikan mai gurmin ba zai gane kakansa a ciki ba. Ba laifin masu situdiyo nake gani ba, sana'arsu suke yi, kuma sun iya ta. Kiɗan ne ba na wurinsu ba. Tawagar mutum goma mai kalangai huɗu da 'yan amshi da sanƙira tana buƙatar makirfo da yawa da mai daidaita su. Mutum biyu da abin kiɗa ɗaya ko biyu, makirfo guda ya ishe su.

Hujja tana nan kusa, a maƙwabta. A 2016 wani ƙaramin kamfanin Amurka mai suna Sahel Sounds ya fitar da faifan wasu 'yan mata biyu Buzaye daga ƙauyen Illighadad da ke jihar Tawa a Nijar, Fatou Seidi Ghali da Alamnou Akrouni. A ƙauyensu aka ɗauka, a fili, da jita da murya da kiɗan turmi irin na matan Buzaye, ba tare da an ƙara wani ado ba. Wannan faifai ne ya buɗe musu hanyar wasa a Turai. A 2020 kuma kamfanin ya riƙa fitar da waƙoƙin da makaɗan yankin Sahara suka ɗauka da wayoyinsu suka aika ta WhatsApp, mutane suka saya. Ba ina cewa kowane mai kukuma a Baure zai hau jirgi ba ne. Abin lura shi ne, masu sauraro a duniya sun biya kuɗi don jin kiɗan a yadda yake, yayin da mu nan muke ganin sai an lulluɓe shi da fiyano kafin ya cancanci a ji.

Wani zai ce, ai abin da waya ke ɗauka hayaniya ce kawai. Yana da gaskiya idan yana nufin irin ɗaukar da ake yi a wurin biki, inda mai waya ke tsaye a bakin lasifika, janareta na ruri a bayansa, yana juya hannu yana gaisawa da mutane. Wannan laifin mai ɗauka ne. A samu ɗakin ƙasa mai rufin azara, domin bangon laka da tabarma da labule suna shanye amon da ɗakin siminti mai rufin kwano ke dawo da shi. A bari sai bayan isha'i, lokacin da injin niƙa ya yi shiru. A kashe fanka, a rufe layin wayar don kada kira ya shigo a tsakiyar waƙa, a ɗora ta a kan matashi kamar kamu biyu daga bakin mai waƙa, kada kowa ya riƙe ta a hannu. Mai ƙwarya ya matsa baya kaɗan, don bugunsa yana danne tsirkiya. Idan damina ce fatar gurmin ta yi sanyi, a gasa ta a bakin wuta kamar yadda makaɗan suka saba kafin a fara. A gwada minti ɗaya, a saurara, a gyara zama. Wanda ya yi haka zai samu abin da, a wajen tsabtar sauti, ba zai ji kunyar ajiye shi kusa da tsofaffin kasusuwan da muke ririta su a yau ba, waɗanda yawancinsu an kwafa daga kwafi har sun dushe.

Babbar matsalar tana zuwa ne bayan an gama ɗauka. Waƙa takan bar wayar farko ta bi ta Bluetooth ko Xender, ta faɗa kwamfutar masu tura waƙoƙi a kasuwa, su zuba ta a memori tare da wasu ɗaruruwa. Ranar Lahadi ɗaya a kasuwar Mai'aduwa ta isa waƙa ta tsallaka iyaka ta kai Matamaye ko Damagaram. Amma da wane suna take tafiya? Da jerin lambobin da waya ta sa mata, ko a rubuta mata "gurmi tsoho" kawai. Haka aka yi asarar sunayen makaɗa da yawa a zamanin kaset, muna jin muryoyinsu muna gardamar ko su wane ne. Mai kamfanin da na ambata, Christopher Kirkley, ya gamu da wannan lokacin da ya tara waƙoƙi daga memorin mutane a Kidal ta ƙasar Mali: kafin ya fitar da su a 2011, sai da ya yi ta cigiyar masu su, saboda da yawa babu suna a jikinsu. Maganin nan ba ya cin ko sisi. Kafin a taɓa tsirkiya, makaɗin ya faɗa da bakinsa sunansa, da na ɗan amshinsa, da garinsu, da ranar, da wanda ya koya masa waƙar, da wanda aka yi wa ita. Rubutu a jikin fayil ana iya goge shi, amma abin da aka faɗa a cikin sautin yana tafiya da waƙar duk inda ta je. Makaɗan Hausa da ma sun saba ambaton kansu a cikin waƙa, ba baƙon abu za a ɗora musu ba.

Sai batun kuɗi, kuma a nan ba zan yi wa kowa romon baka ba. Makaɗin ƙauye abincinsa yana wurin biki, a hannun masu liƙi da iyayen gida, kuma yana da dalilin tsoron cewa idan waƙarsa ta shiga kowace waya, mai turi ne zai ci riba shi ya tashi a tutar babu. Wannan tsoro gaskiya ne, ya riga ya faru da manyan mawaƙa ma. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda shugaban ƙasa na lokacin Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa wa hannu a 2023, ta ba sautin da aka ɗauka kariya, amma wane mai garaya ne zai kai mai turi kotu? Sai dai a auna da abin da ke faruwa idan bai ɗauki kansa ba. Wasu za su ɗauke shi a wurin biki, ba izini, ba suna, da mummunan sauti, su watsa. Tsakanin wannan da ɗauka mai kyau wadda ke ɗauke da sunansa da garinsa, wadda mai shirin aurar da ɗiya a Zango zai ji ya aika a nemo shi, zaɓin a bayyane yake. Kuma wanda ya shirya ɗauka da kansa, a ɗakinsa, da wayar ɗansa, babu kamfanin da ke bin sa bashin izini ranar da wani ya zo neman saye.

Akwai kuma masu ganin kiɗa abin ƙi ne a addini, da masu ganin sana'ar roƙo ce da bai kamata a raya ba. Malamai sun daɗe da saɓani a kan kiɗa, ba a wannan rubutu za a raba gardamar ba. Abin da ba a saɓa a kai shi ne, cikin waƙoƙin noma da na farauta da na dambe akwai sunayen garuruwan da suka tashi, da shekarun yunwa, da zuriyar mutane, da Hausar da ba a jin ta a rediyo yanzu. Ko wanda ba ya sauraren kiɗa yana da rabo a wannan. Iyaka dai ba kowace waƙa ce ta kasuwa ba. Taken da mafarauta ke ɓoyewa, da zambon da zai iya haɗa gida biyu faɗa, da waƙoƙin shantu da na niƙa na matan aure a cikin gida, ba a ɗaukarsu sai da yardar masu su, kuma ana iya ɗauka a ajiye wa iyali ba tare da an saki ba.

Waya takan faɗa ruwa, memori yakan lalace, kuma saƙon murya na WhatsApp yana matse sauti ya rage masa kyau, saboda haka a aika waƙar a matsayin fayil, a ajiye kwafi biyu a gidaje biyu. Abin da ya wuce ƙarfin iyali kuma na hukumomi ne. Hukumar tarihi da al'adu ta jihar Katsina, da sashen Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Kwalejin Yusufu Bala Usman da ke cikin Daura, kowannensu zai iya ware kwamfuta ɗaya da ma'aikaci ɗaya don karɓar irin waɗannan waƙoƙi, a rubuta wanda ya kawo da sharuɗɗan da mai waƙa ya gindaya. Majalisar masarautar Daura tana da hakimai da dagatai da masu unguwanni da suka san kowane makaɗi a ƙasarsu, kuma Sallar Gani tana tara jama'ar masarautar a gari ɗaya kowace shekara, ga lokacin sanarwa da karɓa. Kafin su motsa, kai mai karatu da ke da tsoho mai gurmi ko kukuma a garinku, ka je ka gaishe shi cikin makon nan, ka nemi izininsa, ka ce ya kira ɗan amshinsa, ka tabbatar ya faɗi sunansa da ranar kafin ya fara.