Gwajin Galura a Jikin Dabbobi da Amfaninsa ga Mutanen Auyo

Tun zamanin dā marinan ƙasar Hausa da baba suke rini, dukawa kuwa da karan dafi, mata su yi ƙunshi da lalle, kuma duk waɗannan tsiro ne da aka san halinsu kaka da kakanni. Amma a 1856 wani saurayi a Ingila, William Perkin, ya haɗa rini daga kwaltar gawayin ƙasa, a 1897 kuma kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da ba na baba ba. Irin wannan rinin kanti shi Hausawa suka sa wa suna galura. Makasudin wannan takarda shi ne a bayyana yadda ake gwada shi kafin a sake shi ga jama'a, da abin da gwajin ya shafi gari kamar Auyo.

Auyo tana cikin fadamar kogin Haɗeja, kuma ruwan kogin daga wajen Kano yake gangarowa, inda majemun zamani na Calawa da Sharaɗa suka daɗe suna sakin dagwalonsu. To, amma hanyar da galura ta fi saurin kai wa fatar mutumin Auyo ita ce kasuwa: tufafin roba masu rini, da rinin gashi, da baƙin lallen da ake zana wa amare.

Ɓarnar da rini ke yi wa fata iri biyu ce, Hausa kuwa takan tara su duka a ƙarƙashin "ƙaiƙayi" ko "ƙuraje". Ta farko ƙuna ce: abu mai kaifi ya taɓa fata, ta yi ja nan take, ko ta wane ne, in an wanke ta warke. Ta biyu ita ce mai wuyar ganewa. Ƙwayar rinin takan ratsa fata ta manne wa sinadarin jiki, sai dakarun jini su ɗauke ta tamkar baƙuwar cuta, su kai labari ga kaluluwa, su yi ta hayayyafa har wajen mako biyu. Sau da yawa a karon farko mutum ba ya ganin kome. Sai ran da ya sake taɓa rinin, bayan kwana ɗaya zuwa uku, wurin ya kumbura ya yi ƙuraje masu ruwa. Galibi kuma jiki ba ya mantawa har tsufa. Da yake Bahaushe yakan kira wanda ba ya manta laifi mai riƙo, ya kyautu malamai su kira wannan "riƙon fata", don a raba shi da ƙuna.

Tun da riƙon fata ba ya bayyana sai a karo na biyu, tilas gwajinsa ya zama hawa biyu. Ɓeran Masar aka fara zaɓa. A hanyar da Buehler ya tsara a 1965, ana liƙa rinin a fatar dabba ashirin sau uku cikin mako biyu, a bar su su huta, sannan a sake liƙa musu a wani gefe, a gwama da goma waɗanda ba a taɓa sa musu ba. Magnusson da Kligman suka ƙara wa gwajin ƙarfi a 1969, ta yin allurar rinin a cikin fata tare da wani mai da ke zuga dakarun jini. Idan kashi 30 cikin ɗari na dabbobin suka kamu, sai a lissafta rinin cikin masu sa riƙo.

Wannan hanya tana wahalar da dabba ƙwarai. Saboda haka aka fito da wata da ƙananan ɓeraye, wadda ƙungiyar OECD ta karɓa a 2002. Ana shafa rinin a bayan kunne kwana uku jere, a rana ta shida a kashe ɓeran a auna kaluluwarsa. In hayayyafar dakarun ta ninka ta ɓerayen da ba a shafa wa ba sau uku, rinin ya faɗi gwaji. Har wa yau, tun 1959 Russell da Burch suka yi kira a rage dabbobin gwaji, a sassauta musu, a musanya su in da hali. Tarayyar Turai ta hana sayar da kayan kwalliyar da aka gwada a kan dabba a 2013, daga 2015 kuma OECD ta fara karɓar gwaje-gwajen riƙon fata da ake yi a kwalba, ba da dabba ba.

Misalin da ya fi kusa da gida shi ne sinadarin PPD, wanda akan zuba a baƙin lalle don ya yi baƙi wuluk ya kuma kama da wuri. Gwaje-gwajen nan duka sun sa shi cikin mafiya tsanani. A Turai an yarda da ɗan kaɗan a rinin gashi, amma ba a yarda a zana shi a fata ba. Yarinyar da ta kamu ranar ƙunshinta tana iya kasa jure rinin gashi da waɗansu tufafin roba har iyakar ranta, gama ƙwayoyin rininsu dangin juna ne. Lallen gargajiya kuwa, mai ja, da wuya yake jawo haka.

Ashe ke nan ba sani ne ya yi ƙaranci ba. An same shi tuni, da wahalar dabbobi masu yawa, sai dai yana rubuce cikin harsunan da mai zanen lalle a Auyo ba ta karantawa. Ita abin da ta gani shi ne an yi wa wance jiya ba ta ji kome ba, alhali kuwa rashin jin kome a karon farko shi ne ainihin halin cutar. Aikin da ya rage wa malaman kwalejojin horon malamai shi ne su sa bambancin ƙuna da riƙo a bakin ɗalibansu da Hausa tsantsa, don ya isa makarantun ƙauye, daga nan ya shiga gidajen biki.