Dutsen dolomit da kewayen duniya a falaki

Dolomit dutse ne ɗan'uwan dutsen farar ƙasa, sai dai a cikinsa kalsiyom da magneziyom sun jeru shimfiɗa bisa shimfiɗa. Ya samo sunansa daga Dolomieu, masani Bafaranshe da ya siffanta shi a 1791. Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne yawansa a duwatsun da suka haura shekara miliyan 100, alhali a yau ba ya haɗuwa sai a wurare ƙalilan, kamar fadamun gishiri na gaɓar Abu Dabi. Lynton Land ya yi shekara 32 yana jiran ya haɗu a ɗakin gwaji, bai samu ba.

A 2023 masu bincike na jami'o'in Mishigan da Hokkaido suka nuna dalili. Yayin da dutsen ke girma, ƙwayoyin magneziyom da kalsiyom sukan zauna a gurbin juna, sai girman ya tsaya. In ruwa ya narkar da waɗanda suka ɓata jeri, girman ya ci gaba. Ke nan dolomit yana bukatar sauyi: jiƙewa, bushewa, sannan jiƙewa.

Falaki ke kawo irin wannan sauyi a dogon zamani, kamar yadda Milankovic ya lissafa. Hanyar duniya kewaye da rana takan miƙe ta dunƙule a kusan shekara 100,000. Karkatarta tana kai da kawowa tsakanin digiri 22 da 24.5 a shekara 41,000. Tana kuma tangaɗi kamar katantanwar yara, abin da ke sauya ƙarfin damina a kusan shekara 21,000; shi ya cika Sahara da tafkuna shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce.

Waɗannan kewaye ke sa teku ya hau gaɓa ko ya janye. In ya janye, zafi ya ƙafar da ruwan da ya rage, magneziyom ya yi kauri a ciki, ruwan ya nutse cikin farar ƙasa ya mayar da ita dolomit. In ya dawo, sabuwar laka ta rufe ta. Haka shimfiɗu suka yi ta maimaituwa a tsaunukan Dolomit na arewacin Italiya, fiye da shekara miliyan 200 da suka wuce.

Saboda haka mai ƙirga waɗannan shimfiɗu yana karanta tarihin yanayi ne, mai haƙar rijiya kuwa a kofofinsu yakan tarar da ruwa ko man fetur.