Ɗan kwalej a gidan mai masauki

Yara, in kun gama aji shida, waɗansunku za su shiga kwalej. Karatun kwalej shekara 4 ne, a ƙarshensa a yi jarrabawar BEPC. Amma ba kowane ƙauye ke da kwalej ba. Yaron ƙauye sai ya ɗauki tabarmarsa ya zo Cadawa, ko Agye, ko Gazawa, ya sauka gidan wani. Wannan mutum shi ake kira mai masauki.

A watan Oktoba ake komawa lakol, lokacin ana cikin girbi. Uba yakan kawo ɗansa da ƴan tiyoyin hatsi, ya ce wa mai gida: «Ga amana.» Daga nan sai ya koma ƙauye. Wani uban ba ya sake leƙowa sai hutu, wannan kuwa kuskure ne. Hatsi yana ƙarewa, yaro yana jin kunyar ya faɗa. Ya tafi aji da yunwa, malam na bayani, shi yana gyangyaɗi. Na ga ɗalibai masu ƙwazo da suka bar karatu, ba don kansu ya toshe ba, don cikinsu ne ba kome.

Ƴa mace ta fi shan wahala. Ita ce ɗibar ruwa, ita ce daka, ita ce wanke-wanke. Wani gidan ma a ɗora mata talla har dare. Yaushe za ta buɗe littafi? A wurin tallan nan kuma ake samun masu ruɗin ta da kuɗi. A watan Disamba 2017 gwamnatin Nijar ta fito da doka don kare ƴan mata masu karatu. An kuma gina wa ƴan mata gidajen kwana a waɗansu garuruwa, kamar Kelle cikin jihar Damagaram.

Akwai kuma hatsarin hanya. Babbar hanyar da ta taso daga Maradi zuwa Damagaram ta ratsa Cadawa, manyan motoci ba su tsayawa nan take. Ku duba dama da hagu kafin ku ƙetare.

Ajin zana shi ma abin lura ne. Ran 8 ga Nuwamba 2021 wuta ta kama azuzuwan zana a wata makarantar Maradi, yara fiye da 20 suka rasu. Kada a hura wuta kusa da zana, kada a tare bakin ƙofa da tebur.

To, in abu ya dame ka a masauki, wa za ka faɗa wa? Faɗa wa malamin da ka saba da shi, ko darekta. Yarinya ta sami malama ko uwar gida mai hankali. In zazzaɓi ne mai zafi da ciwon kai, wuya ya sanƙare, musamman da bazara, kada a jira gobe. A kai shi gidan likita, sannan a aika wa iyayensa.