Ciniki ta Hanyar Intanet a Birnin Yamai: Halin da Ake Ciki da Inda Aka Dosa

1. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan rubutu za mu duba yadda saye da sayarwa ta hanyar intanet ke tafiya a Yamai, da abubuwan da bunƙasarsa ta dogara a kansu. Ra'ayinmu shi ne, wannan ciniki reshe ne na tsohuwar kasuwa, kuma amana ce jarinsa na farko.

2. Siffar cinikin

Kamfanin Jumia, wanda aka kafa a Legas a 2012, yana da rumbunan ajiya da ma'aikatan kai kaya. A Yamai abin ya ɗauki wata siffa. Duk da ma'aikatar gidan waya ta ƙasa ta buɗe dandalin Kaomini, wato "kawo mini", galibin cinikin ta WhatsApp da Facebook ake ƙulla shi. Mai atamfa ko turaren wuta, sau da yawa mace ce a cikin gidanta, takan saka hoton haja, a yi tayi da saƙon murya, a daidaita, sannan ɗan kabu-kabu ya kai. Saƙon murya na da muhimmanci, domin yana bai wa wanda bai yi boko ba damar ciniki da Hausa ko Zabarmanci. Hajar kuwa daga Babbar Kasuwa ko Katako ko Wadata take fitowa.

3. Matsaloli uku

Ta farko ita ce biyan kuɗi. Masu ajiya a banki kaɗan ne, saboda haka mai saye ya fi son ya ga kaya, ya taɓa, kafin ya biya. Idan daga Maraɗi ko Damagaram yake, sai ya aiko da kuɗin ta kamfanoni irin su Nita da Al Izza da Amana. A nan duk hasarar da ta auku, kan wanda ya fara sakin nasa take faɗawa.

Ta biyu ita ce adireshi. Jama'a da masallaci ko gidan mai ake kwatanta masu gida, don haka mai kai kaya yakan ɓata lokaci da mai yana kiran waya, kuɗin kuma kan farashi yake hawa.

Ta uku ita ce hanyar shigowar kaya. Nijar ba ta da teku. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe iyaka da Benin, kayan da aka saba saukewa a Kwatano suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, tafiya ta ƙara tsawo da tsada. Wayar hannu na gaggauta ciniki, amma ba ta rage nisan tashar jirgin ruwa.

4. Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata muna ganin cewa kayan gida, kamar kilishi da fatu da ɗinki, su ne suka fi samun sarari, tunda ba su jiran jirgin ruwa. Abin da ya rage shi ne a samu amintaccen mai shiga tsakani, wanda zai riƙe kuɗin mai saye har kaya su isa hannunsa. Wannan aikin dillali ne, kuma kasuwar Hausa ta daɗe da saninsa. Muna ba ɗalibai shawara su fara bincikensu daga nan: wa ke ɗaukar hasara idan ciniki ya ɓaci?