Wanda Ya Taɓa Ciwon Ƙwaƙwalwa, Ya Halatta Ya Ɓoye Domin Shiga Soja?

Duk lokacin da rundunar sojan Nijeriya ta ba da sanarwar ɗaukar kurata, sai mu ga samari suna ta kai da kawowa wajen haɗa takardu, kowa na fatan ya ga kansa a Daffon Zariya, wadda ta ke horad da sojoji tun 1924. Cikin sharuɗɗan akwai lafiyar jiki da ta hankali. To, a nan ne waɗansu gidaje kan shiga shawara a asirce, domin yaron ya taɓa kwanciya a asibitin Barnawa a Kaduna, ko na Dawanau a Kano, ko kuwa har yanzu yana shan magani. Shawarar da a kan yanke ita ce a yi shiru, in likita ya tambaya a ce ba a taɓa ba.

Mu fara da raba abubuwa biyu da jama'a su ke haɗawa. Ba kowane ciwon zuciya ko na ƙwaƙwalwa ne hauka ba. Malam Abu Zaidi al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rarrabe baƙin cikin da ke da sanadi sananne, kamar mutuwa ko asara, da wanda ke faɗa wa mutum ba dalili, ya ce na biyun yana da tushe a jiki, magani ya ke bukata. Malaman fiƙihu kuma sun bambanta wanda hankalinsa ya gushe ɗungum da wanda ke farfaɗowa, suka inganta cinikinsa da sauran ƙulle-ƙullensa a lokacin da ya ke cikin hayyacinsa. Ashe ke nan wanda ya warke cikakken mutum ne a Shari'a, ba wanda ke da ikon yi masa gori.

Amma cikar mutum daban, dacewa da wani aiki daban. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya duba masu fita yaƙin Uhudu, ya mayar da Abdullahi ɗan Umar saboda shekarunsa 14, sa'an nan ya karɓe shi ran Handaƙu yana da 15. Abu Zarri, duk da darajarsa, da ya nemi a ba shi muƙami, an nuna masa yana da rauni, al'amarin kuwa amana ne. Suratul Fathi, aya ta 17, ta ɗauke laifin rashin fita daga kan makaho da gurgu da majinyaci. Watau tantance soja ba baƙon abu ba ne a Musulunci, kuma wanda aka mayar bai yi abin kunya ba.

Saboda haka ɓoye ciwon ha'inci ne, ga shi kuma cutarwarsa ba ta tsaya kan mai ɓoyewa ba. Kurtu kan yi watanni cikin ƙarancin barci da tsawa da gajiya, rashin barci kuwa yana daga manyan abubuwan da ke tayar da irin ciwon nan mai sa mutum zumuɗi yau, gobe ya faɗa baƙin ciki. Wanda ya ɓoye ba zai iya shan maganinsa a sarari ba, sai ya yanke shi farat ɗaya, ciwon ya dawo. Daga nan a ba shi bindiga, a tura shi Arewa maso Gabas, inda a ke fama tun 2009, ya tsaya gadi abokansa na barci bisa amincewa da shi. Muna mamakin uban da zai ce wai wahalar bariki ita ce za ta gyara yaron. Bariki ba asibiti ba ne.

Faɗin gaskiya kuma ba lalle ne ya rufe ƙofa har abada ba. Ga misali daga sojan Amurka: ƙa'idarsu ta hana ɗaukar wanda aka yi wa maganin ciwon baƙin ciki cikin watanni 36 da suka wuce, amma wanda ya daɗe da warkewa yana iya neman a duba takardunsa a yi masa rangwame. A nan gida, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma amince da haƙƙoƙin masu wannan larura.

Abin da mu ke shawartar saurayi shi ne, tun kafin ya cika fom, ya koma wurin likitan da ya duba shi, ya gaya masa nufinsa. In likita ya ga ya murmure, ya karɓi takardar da ta bayyana irin ciwon, da maganin da ya sha, da lokacin da ya daina, ya miƙa ta ga likitocin soja ran gwaji, su yanke abin da suka gani. In kuwa likita ya ce a dakata, to, a dakata, kada kuma a bar shan magani domin a ci gwaji.